Ɗan Fari a Ƙasa Mai Motsi

Da idona na ga ɗakin yayana yana rawa, ba labari aka ba ni ba. Wata Asabar ce da hantsi, lokacin kaka. Na je Toranke gaida Inna kamar yadda na saba duk ƙarshen mako, don ni a Gaya nake aure, a can kuma nake koyarwa a firamare. Ina tsaye a gindin darbejiyar tsakar gida, nan kaɗai waya take samun sabis, muna magana da shi ta bidiyo. Shi yana Japan, a wajensu yamma ta riga ta yi. Yana cikin tambayata ko an cire gyaɗar gonar marigayi Baba, sai na ga fitilar da ke rataye a saman kansa ta fara lilo. Kofuna suka ɗauki ƙara a bayansa. Labule ya shiga kaɗawa, alhali tagar a rufe take.

Na ce, "Yaya, mene ne haka? Wa yake jijjiga maka ɗaki?"

Ya dafa tebur da hannu ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi fitilar kamar manomi yana duban hadari, ya ce, "Girgizar ƙasa ce, Auta. 'Yar ƙarama. Tun safe ake yi. To me kika ce game da gyaɗar?"

Gyaɗa! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin mutum, shi kuma ta gyaɗa yake yi. Ni ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba, ina salati da ƙarfi har kaji suka watse. Mu abin da muka sani game da girgizar ƙasa shi ne surar da muka haddace tun muna yara, wadda take bayanin ranar tashin alƙiyama. Ban taɓa kawowa a raina cewa abu ne da mutum zai gani da yamma ya ci gaba da shan shayinsa ba. Har yau in na tuna masa zaman da na yi sai ya yi ta dariya.

Inna tana nan a tsakar gidan, kan tabarma, ta ba ni baya tana tsintar wake a faifai. Duk abin da aka faɗa ta ji. Ba ta waiwayo ba, ba ta ce uffan ba. Amma na ga hannunta ya tsaya cak a cikin waken, bai sake motsi ba har muka gama wayar.

Dole in yi bayanin wannan, don wanda bai san gidanmu ba zai ce wace irin uwa ce. Yaya shi ne ɗanta na fari, kuma Inna tana kunyarsa. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a wajenmu, mata da yawa suna yi, sai dai ta Inna ta fi ta kowa tsanani, don ita a hannun Fulani ta tashi ta wajen uwa. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi aka kai shi Balan wajen kakarmu, a can ya girma, daga can ya tafi makarantar kwana, daga nan jami'a, har Allah ya kai shi inda yake. In ya zo Toranke hutu, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa can ƙasan maƙoshi tana kallon bango. In ya zauna a tsakar gida sai ta tashi ta shige madafa. In za ta yi zancensa sai ta ce "ɗan tsohuwa" ko "mutumin can". Shi ma in zai yi min zancenta sai ya ce "Innarku". Duk shekarun da ya yi a waje ba su taɓa magana a waya ba. Ni ce 'yar aike: in ce ta gaishe shi, in ce ya gaishe ta, wani lokacin ma ba wanda ya aike ni.

Da yamma, da na koma Gaya, na sake kiransa, na manta ma cewa su can sun yi barci. Bai ɗauka ba sai washegari. Na ce ya yi min bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku, don na san aikinsa nazarin ƙasa ne amma ban taɓa damuwa in san wane irin nazari ba.

Ya ce, "Kin san dai a gefen teku muke. To a ƙarƙashin tekun nan, wani makeken ɓangaren ƙasa yana kutsawa a ƙarƙashin wanda muke kai. Ba yau ya fara ba, tun kafin a yi kakannin kakanninmu yake yi. Kin taɓa jan buhun gero a kan daɓe? Wani lokacin ya cije, ki yi ta ja, sai ya kufce ya fizge ki. Wannan fizgar ita ce babbar girgiza. Wani lokacin kuma ya riƙa sulalewa a hankali, ba ƙara, ba fizga. To yanzu sulalewar yake yi. Sai ya yi makonni yana tafiya ba wanda ya ji. Ƙananan girgizar da kika gani, gefe-gefensa ne yake ɗan tsagewa saboda tafiyar, shi ya sa suke zuwa a jere, wata bayan wata."

Na ce, "Tsaya, tsaya. Ƙasar ce take tafiya?"

Ya ce, "Ƙwarai. Na'urorinmu sun nuna gaɓar da nake zaune ta matsa wajen teku kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Da gidajen, da titunan, da ni."

Girgizar ma ba ta firgita ni kamar wannan ba. Girgiza ai ka ji ta, ka yi salati, ka fita da gudu. Amma a ce kana zaune lafiya lau, kana cin abinci, kana salla, ƙasar da ka sa goshinka a kai tana tafiya da kai a ɓoye? Na dubi simintin ɗakina. Ya ce in kwantar da hankalina, mu Kano a tsakiyar dutse mai ƙwari muke, nesa da irin wannan gaɓa. Na ce ni ba ta Kano nake ba.

"To babbar za ta zo?"

Ya ce, "Ba wanda ya sani, Auta. Galibi yakan yi tafiyarsa ya tsaya, shi ke nan. Amma an taɓa ganin inda ya matsa wa ɓangaren da ya cije, babbar ta biyo baya. Abin da muke son ganewa ke nan. Shi ya sa ma za mu fita teku kwanan nan, mu saukar da na'urori daidai saman wurin da yake sulalewa."

"Saman ina?"

"Saman wurin."

Na ce, "Yaya, kai ko lafiyarka ƙalau? Mutane suna gudun abu, kai kana shiga jirgin ruwa ka je ka tsaya a kansa?" Ya yi dariya ya ce a tsakiyar teku ma ya fi aminci da bakin gaɓa. Ban yarda ba, har yau ma da sauran shakka a raina.

Kafin mako ya zagayo, labari ya gama Toranke, kuma ni na baza shi, don bakina ba ya riƙe irin wannan. Baffa, ƙanin Baba, ya sa na maimaita masa a zaure. Da na zo wajen tafiyar ƙasa sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Mutumin da ya yi shekaru ba ya ga maciji da maƙwabcinsa saboda an tura gambar iyakar gona taki ɗaya. Ya ce, "Ikon Allah! To su can yaya suke yi da iyakar gonakinsu?" Na ce ai gaba ɗaya suke tafiya, da gonar da iyakar. Ya girgiza kai ya ce wannan ba ƙasar zama ba ce. Ya sa na kira masa Yaya, ya yi masa faɗa sosai, ya ce ya tattaro kayansa ya dawo, ko koyarwa ce ya samu a Wudil. Yaya ya yi ta "to Baffa, Allah ya huci zuciyarka Baffa, a dai sa mu a addu'a", amma kowa ya gane ba dawowa zai yi ba. Aka yi saukar Alƙur'ani a masallacin ƙofar gida.

Inna kuwa ba ta ce komai ba. Sai dai ranar Juma'a ta soya waina cike da ƙwarya ta raba wa yaran unguwa. Gwaggo, yayar Baba, ta tambaye ta sadakar mece ce. Ta ce ta neman tsari ce ga al'ummar musulmi baki ɗaya. Ta ciro tsohon rediyon Baba daga ƙarƙashin gado, ta sa aka sayo batir, ita da ba ta taɓa damuwa da labaran duniya ba. Rediyon bai faɗi komai ba, don ƙananan girgiza a can ba labari ba ne. Abinci kuwa sai ta taɓa ta ture. Cikin ɗan lokaci wuyanta ya zurma.

Wata rana na shigo gidan ba ta ji sallamata ba. Na same ta tsugune a bayan rumbu, ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙasa, ta yi kasaƙe kamar mai sauraro. Da ta gan ni sai ta yi maza ta hau tsintar tsakuwa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ƙasar da mutumin can yake, gabas take ko yamma?" Na ce gabas, can gaba da Makka da nisa. Ta ce, "To."

Abin ya ci min rai. Na kira Yaya na ce masa Inna ba ta cin abinci, ba ta barci, duk ta rame.

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. A kai ta asibitin Gaya mana a duba ta."

"Ba ciwon asibiti ba ne, kai ma ka sani. Saboda kai ne."

Ya ce, "Ita ta faɗa miki haka?"

"Sai ta faɗa? Labarin zuciya ai a tambayi fuska."

Ya ce, "Ni ban san fuskarta ba, Auta. Ƙeyarta na sani." Ya faɗa ne ba da fushi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya ce ya san al'ada ce, bai ce ta yi laifi ba. Amma ranar da kakarmu ta rasu a Balan, ranar ya ji ya zama maraya, kuma tun daga nan bai ga wani abu da yake jiransa a gida ba. "Innarku tana da ku. Ni in tekun ta cinye ni, ke ce za ki yi kuka da ƙarfi."

Na kashe wayar ina hawaye, na hau babur sai Toranke. Ban ma tsaya gaisuwa sosai ba. Na ce, "Inna, don girman Allah ki yi masa magana. Jibi zai shiga jirgin nan, in ya shiga ba a samunsa a waya sai ya dawo. In akwai wanda zai ce masa wani abu ya ji, ke ce."

Ta ce, "Ke, rufe min baki."

"Ba zan rufe ba. Wannan kunyar aya ce ko hadisi? Ɗanki ne fa, ba surukinki ba!"

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa ya yi ja. Ta ce, "Mara kunya, fitsararriya. Ke me kika sani? Ranar da aka goya shi aka fita da shi daga gidan nan, ina ɗaki ina jin kukansa har ya ɓace a hanyar Balan. Nono yana zuba har ya jiƙa min zane. Ban leƙa ba. Da na leƙa, da har yau ana yi min gori a garin nan. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayata ba. Haka muka tarar."

Ban taɓa jin wannan ba. Duk zafin da na zo da shi ya bi iska. Na zauna kusa da ita na ce a hankali, "To in bai dawo ba fa, Inna?" Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Washegari na nemi izini a makaranta na koma, don a yi sallama da shi. A wajenmu mutum ba ya kama doguwar hanya sai ya nemi gafarar 'yan uwa, su ma sun nemi tasa, don rai ba a bakin komai yake ba. Ranar kuma ana sussukar gero a gidan, tsakar gida cike da mata: Gwaggo, matar Baffa, maƙwabta, kowa da taɓaryarta. Na tsaya a gindin darbejiyar na kira shi. Sabis ɗin ya ƙi ɗaukar bidiyo, sai murya kawai, na buɗe ta yadda kowa zai ji. Baffa ya shigo ya fara karɓa, ya yi masa addu'a mai tsawo, suka yafi juna, ya miƙo min.

Ina cikin cewa ya kula da kansa sai muka ji ta. Ƙarar kwanuka da gilasai tana fitowa daga cikin wayar, kar-kar-kar, da wani irin gunji kamar babbar mota tana wucewa ta bayan gida. Taɓare suka tsaya. Matar Baffa ta dafe ƙirji ta hau salati. Wannan ta fi ta rannan daɗewa, sai da na ji kamar ba za ta ƙare ba. Can muka ji muryarsa yana cewa, "Ta wuce, ta wuce. Wannan ta ɗan fi ƙarfi."

Labulen ɗakin Inna ya ɗaga. Ta fito ba takalmi, ɗankwalinta a karkace, ta ratsa ta tsakiyar matan nan ta zo gabana ta miƙo hannu. Na tsaya ina kallonta, ban gane ba. Ta ce, "Ba ni." Na sa mata wayar. Tsakar gidan ta yi tsit, har tattabarun kan katanga kana jin kukansu.

Ta kai wayar kusa da bakinta, ta yi sallama da wata siririyar murya.

Ya amsa da fara'arsa, ya ce, "Gwaggo ce? Ina kwana, Gwaggo, ya ƙafar taki?"

Gwaggo tana tsaye a gefen turmi, ta sa hannu ta toshe bakinta.

Inna ta ce, "A'a."

Ya ce, "Af, a gafarce ni, ban ɗauki muryar ba. Da wa nake magana?"

Wayyo Allah. Na ga mutuwa a gidan nan, na ga ranar da aka fita da Baba, amma ban taɓa ganin fuskar Inna ta yi abin da ta yi a lokacin ba. Kamar an kwashe mata jini gaba ɗaya. Ɗan da ta haifa, mai furfura a gemu, bai san muryarta ba. Kuma ba laifinsa ba ne, ita ma ta san ba laifinsa ba ne. Ta miƙo min wayar, tana neman hanyar ɗaki da ido. Na mai da hannuwana baya na harɗe su. Na ce, "Wallahi tallahi ba zan karɓa ba."

Yana can yana cewa, "Auta? Kina ji na? Wace ce?"

Inna ta dubi matan da suka zuba mata ido, sa'o'inta da waɗanda suka girme ta, waɗanda ta yi shekara da shekaru tana tsoron bakinsu. Sannan ta mai da wayar bakinta ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "La'ilaha illallahu!" Ni kaina sunan ya zo min baƙo a bakinta.

Ta ce, "Ni ce. Ni na haife ka."

Ba mu ji komai daga can ba sai numfashi.

Ta ce, "Ba zan ce kada ka tafi ba, aikinka ne, Allah ya tsare. Amma ba za ka hau ruwan nan ban faɗa maka ba. Ban taɓa kwana ban sa ka a addu'a ba, tun ranar da aka fita da kai. Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ba ka yi min komai ba." Sannan ta ƙarasa da cewa, "Kai ne za ka yafe mini."

Sai muka ji kuka. Babban mutum, malamin da ƙasa take girgiza da shi yana zancen gyaɗa, yana kuka da shessheƙa kamar yaron goye, duk tsakar gida ana ji. Gwaggo ta juya ta fuskanci katanga tana share ido da gefen mayafi. Baffa ya sunkuyar da kai ya fice zaure.

Da kyar ya iya magana. Ya ce, "Inna."

Ta ce, "Na'am."

Ya ce, "Sunan nan. Don Allah ki sake faɗa, ban ji sosai ba."

Ya ji sarai, mu ma da muke gefe mun ji. Inna ta goge fuskarta da bayan hannu, ta gyara riƙon wayar, ta sake faɗa.